Matar da Ta Ce Ba Ta da Kowa

Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi, wajen ƙarfe tara, a makon farko na watan Rajab na bana, a ɗakin mata na gidan gajiyayyu na gwamnati da ke cikin garin Sakkwato. Mutum huɗu ne a wurin: shugabar gidan, da ma'aikaciyar jinya mai aikin safe, da wata tsohuwa makauniya da kowa ke kira Iya, wadda gadonta ke kusa da na Gwaggo, sai ni, ɗan ƙanenta. Shugabar ce ta kira ni a waya bayan sallar Asuba. Ma'aikaciyar ta shafe mata ido, ta ja mayafi ta rufe ta. Iya tana riƙe da ƙafarta ta dama, ba ta saki ba sai da aka ce ta saki.

Kafin in fita shugabar ta tsayar da ni a baranda ta gaya mini abin da ƙa'ida ta ce. Wanda ya rasu a gidan, in danginsa sun zo sun ce nasu ne, a ba su. In ba su zo ba har La'asar, gidan ne zai yi masa sutura, yadda ake yi wa wanda ba shi da kowa.

"Kai ɗa ne, amma ubanka na raye," in ji ta. "Shi za ya zo ya faɗa da bakinshi. Ka san dalili."

Na san dalili. Unguwarmu duk ta sani.

Ko da na isa gidanmu a Runjin Sambo labari ya riga ni. Mutane sun fara taruwa a ƙofar gida, amma ba a shimfiɗa tabarma ba, domin mai gidan bai ce a shimfiɗa ba. Baba yana zaune a zaure da carbi a hannu, ba ya ja. 'Yan kabu-kabu suna sauke mutane daga baburansu, mutanen suna tsayawa a rana suna duban juna.

Telan da ke jikin gidanmu ya ce, da muryar da yake zaton ta yi ƙasa, "Baiwar Allah ta, amma gaskiya ta yanke zumunci."

Wata mai daddawa da suka taso tare da Gwaggo ta juyo. "Ta yanke mi? Matar da ta ƙare rayuwatta tana wanke uwayen wasu? Kai taka uwar yaushe rabonka da ita? Koma kan kekenka, ka ƙarasa wandon mutane da ka riƙe tun Sallah."

Kawu, wan mahaifiyata, tsohon ma'aikacin gwamnati, abin da ya dame shi daban ne. Yana kai da komo yana cewa ba za a ji a gari an ce 'yar gidan nan hukuma ce ta binne ta ba. Liman bai sa baki ba. Ya dai leƙa zaure ya ce, "Alhaji, rana na tahiya," ya koma ya tsaya a inuwa.

Duk wanda ya yi magana a ƙofar nan, a kan abu ɗaya ya yi, wata kalma da Gwaggo ta faɗa sau ɗaya a gaban hukuma. Mace ce da ta haura shekara saba'in a duniya. Ina rubuta wannan ne don kada a tuna ta da kalmar kaɗai, ba tare da abin da ya kai ta ga faɗinta ba.

Ita ce babba a ɗakinsu, Baba ne auta. Uwarsu ta rasu ana gama yaye shi, Gwaggo kuwa tana 'yar budurwa, ita ta goya shi. Har ya tsufa Adda yake kiranta. A gidanmu ana ba da labarin cewa bayan rasuwar yaron ya ƙi abinci, in an ajiye masa sai ya juya baya. Gwaggo ce ta gano ba ya ci sai da hannunta a cikin kwanon. Ba ta ba shi a baki. Tana dai sa hannu ta ɗan ci, shi ma ya sa nasa. Haka suka yi har ya shiga makaranta.

Ta yi aure, 'ya'yan da ta haifa ba su tsaya ba, mijin ma ya rasu. Ba ta sake aure ba. Ta sami aikin dafa abinci a gidan gajiyayyu, daga baya aka mai da ita cikin masu kula da tsofaffin. Ba ta da fara'a sosai, kuma ba ta iya lallashi ba. Goronta kullum yana ƙulle a gefen ɗankwali, tana gutsura ta miƙa wa mutum ba tare da ta dube shi ba. Maganarta ɗaya ce ga kowace irin damuwa. In an zo mata da kuka, ko na mutuwa ne, sai ta ce, "A ci tukuna." Ranar da na faɗi jarrabawar shiga jami'a, abin da ta ce mini ke nan, ta tura mini kwanon tuwo da ƙafa, tana ci gaba da tankaɗe.

Tana cikin aikin ne ma'aikatar da ke kula da gidan ta kawo sababbin ƙa'idoji. Kowane tsoho a ba shi gadon ƙarfe mai makari a gefe, da gidan sauro, a bar fili tsakanin gado da gado. Wanda ba ya iya tashi a riƙa juya shi sau da yawa a yini. A rage gishiri. Kada a shigar da kaskon wuta ɗakin kwana. Baƙi su shigo bayan La'asar, su fita idan an kaɗa ƙararrawa, kafin a kawo abincin dare. Kowa da kwanonsa da kofinsa, kada biyu su ci a kwano ɗaya. Ba a karɓar mutum sai wanda ba shi da dangi, ko wanda danginsa suka ce ba za su riƙe shi ba. Ba a kuma ba da tsoho ga kowa sai ɗan'uwansa na jini.

Gwaggo ta yi faɗa da kusan kowace. A kan kasko ta yi kwana da kwanaki ba ta gaida shugabar, wadda a lokacin sabuwar zuwa ce, ƙaramar mace da ta yi karatun jinya. Gwaggo ta ce mata tsohon ƙashi ba ya ɗumi da bargo. Shugabar ta kai ta wurin wata tsohuwa, ta ɗaga zanenta ta nuna mata tabon ƙuna daga gwiwa har idon sawu, wanda Gwaggo da kanta ta yi jinyarsa shekarun baya. Gwaggo ta kwashe kasaken ta kai bayan kicin. Ba ta ce an yi gaskiya ba. A kan juya marasa tashi kuwa ta ce wahalar da mutane ce, a bar su su huta. Da aka yi watanni ba a ga sabon gyambon kwanciya a ɗakin ba, ita ce ta koma mai tsawata wa sababbin ma'aikata in sun makara. Gishiri dai har ta bar aiki tana ɓoye shi a ƙullin ɗankwali tare da goro. Shugabar ta sani, ta kama ta fiye da sau ɗaya, kowane karo ta karɓe.

Ƙa'idar kwano ce ta zo da abin da ba wanda ya hango. An kafa ta ne saboda tarin da ke yaɗuwa tsakanin tsofaffin, kuma tarin ya ragu. Amma kafin ta, matan ɗakin a zagaye suke zama su ci a babban kwano ɗaya, yadda suka saba tun suna yara. Iya daga Kwalkwalawa aka kawo ta, 'yar gidan manoma, miji da 'ya'ya duk sun riga ta, ido kuma ya tafi. Ranar farko da aka ajiye mata nata kwanon a gefen gado, ta lalubi bakinsa da hannu, ta ji ba kowa, ta ce, "Mi na yi anka ware ni?" Aka yi mata bayani. Ta ce ta ji. Ta juya fuska ga bango.

Gwaggo ba ta karya ƙa'idar ba, ta dai bi ta gefenta. Tana ɗauko nata kwanon ta zauna a gaban Iya, ta matsa shi har bakinsa ya taɓa na Iya ya yi ƙara. Daga nan ta fara ci, tana suɗe yatsu da ƙarfi, tana kushe miyar da ita kanta ta dafa. Iya sai ta sa hannu a nata. Na gan su haka ba sau ɗaya ba.

"Wagga miya ba gishiri, kamar an wanke tukunya an ba mu ruwan," in ji Iya.

"Ci, ke dai. Can Kwalkwalawa mi kuka ci in ba ganye ba?"

"Ganyenmu ya hi naman ku na birni."

"To ga ki cikin birnin, sai ki haƙura."

Wasu ma'aikatan sun gwada yin haka in Gwaggo ba ta nan. Iya takan gane su da jin zamansu, ta ce su tafi, aikinsu suke yi.

Da lokacin ritayarta ya zo, Baba ya gyara mata ɗaki a gidanmu. Ya sa aka canza kwanon rufi, aka yi sabon daɓe, ya sayo gado da fanka. Ta zauna a ciki wata biyu. Kullum bayan La'asar tana hawa kabu-kabu ta tafi gidan gajiyayyu, ana kaɗa ƙararrawa ta fito, domin yanzu baƙuwa ce, abinci kuwa sai bayan ƙararrawa. Iya ta fara ramewa. An kai ta asibiti aka sa mata ruwa, aka dawo da ita, ta ci gaba da juya baya.

Ya kamata a faɗi cewa Baba bai ƙi taimako ba. Shi ya ce a kawo Iya gidanmu, ɗakin ya ishe su su biyu. Ya je da kansa ya sami shugabar. Ta ce ba ta da iko, ba a ba da tsoho sai ga ɗan'uwa na jini. Ta gaya masa dalili: a da wasu kan zo su ce za su riƙe makaho don Allah, bayan mako a gan shi a bakin titi ana bara da shi. Baba ya ce shi ba irin waɗannan ba ne. Ta ce ta sani, amma duk waɗanda suka zo haka suka ce. Ya roƙa a bar Gwaggo ta riƙa kaiwa lokacin abinci. Shugabar ta ce ta riga ta tambayi ma'aikatar da ke kula da gidan, an ce in an buɗe wa ɗaya an buɗe wa kowa.

Hanya ɗaya ta rage, Gwaggo ta bi ta. Wata safiya ta ƙulle tufafinta a zane, ta je ta zauna a gaban shugabar da jami'in ma'aikata, ta ce gado take so. Jami'in ya yi tambayar da ake yi wa kowa, ko tana da mai riƙonta.

"Ba ni da kowa," in ji ta.

Shugabar ta ce, "Gwaggo, na san ƙanenki. Jiya-jiya yana nan zaune inda kike."

"Tambaya anka yi mini, na ba da amsa."

Ƙa'ida ta ce a tuntuɓi dangi in an san da su, don haka jami'in ya zo Runjin Sambo. Ina zaure lokacin. Ya maimaita wa Baba abin da ta ce, kalma da kalma, sannan ya tambaye shi ko zai riƙe ta. Baba ya ce, "Tun da ta ce ba ta da kowa, haka na." Jami'in ya yi godiya ya tafi. Masu cewa Gwaggo ta yanke zumunci sukan manta da wannan rabin. Da Baba ya ce zai riƙe ta, ba za a ba ta gadon ba. Har yau ban sani ba ko fushi ne ya sa ya faɗi haka, ko ya gane abin da take nema ya ba ta. Ban tambaye shi ba.

Shekara huɗu ba su yi magana ba. Ya rufe ɗakin ya riƙe makulli. Mahaifiyata da ni muna zuwa lokacin ziyara, bai hana mu ba, bai kuma taɓa tambayar yadda muka baro ta ba. Kowace babbar Sallah yakan ware cinyar rago ya ce in kai wa gajiyayyu sadaka. Gwaggo takan juya cinyar ta ce, "Har yanzu bai iya hiɗa ba. Dubi yadda ya ɓata hwata." Daga nan ta tambaye ni gwiwarsa, ta ce in gaya wa uwata ta rage masa yaji.

Sau ɗaya suka haɗu. Wata Juma'a an kai tsofaffin da ke iya tafiya ziyara Hubbare a motar gidan, mu kuma mun raka wani baƙon Baba. A bakin ƙofa muka yi kiciɓis, tana jaye da hannun Iya. Baba ya tsaya. Ita ma ta tsaya. Ta dube shi daga hula har takalmi, ta ce da ni, "Ubanka ya rame." Ta ja Iya suka wuce. Baba ya ce wa baƙonsa su shiga kafin a cika.

A gidan ta zama kamar kowa. Ta kwana a gadon ƙarfen da ta taɓa zagi, aka ja mata makari. Da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, yaran da ta koya wa aiki suka riƙa juya ta, tana gaya musu sun yi gaggawa. Aka matsa gadon Iya iyakar yadda ƙa'ida ta bari, aka sa ɗan tebur a tsakani, kwanoni biyu suna taɓa juna a kai. Iya ta yi ƙiba.

Ranar Talatar, an kusa kiran Azahar, na shiga zaure na durƙusa na gaya wa Baba saƙon shugabar. Kawu ya fara magana, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Kana wurin?" ya tambaye ni.

"Ina wurin."

"Ta ce wani abu?"

Na san abin da yake so ya ji, amma ba ta ambace shi ba. Na ce, "An kawo koko tana cikin nauyi. Ta buɗe ido ta ce a matsa kohinta ya taɓa na Iya. Ba ta sake magana ba."

Ya ɗan yi wani sauti a hanci, kamar dariya. Ya sa carbi a aljihu, ya ce in miƙo masa sandarsa. A ƙofa ya ce wa Kawu a kwashe tabarmin gida da na masallaci a sa a mota.

"A sa a mota? Ba nan za a shimhiɗa ba?"

"Can ta zauna. Can za a zauna."

A barandar gidan gajiyayyu shugabar ta tare shi. Ta gaishe shi, sannan ta yi tambayar da dole ta yi a gaban shaidu, ko shi wane ne ga mamaciyar. Ya ce, "Ƙanenta na. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye ni." Ta ce an ba shi. Ya ce ba zai kai ta ko'ina ba sai maƙabarta, a yi mata wanka a nan. Mahaifiyata da mai daddawa da ɗaya daga cikin ma'aikatan suka yi mata. Aka yi salla a ƙofar gidan bayan La'asar. Telan yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Zaman makoki ya zo da tasa matsalar, domin ƙa'ida ba ta yarda da taro a cikin gidan ba. Shugabar ta ce maza su shimfiɗa a waje, jikin katanga. Mata su zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, amma lokacin ziyara kawai. Aka fito da tsofaffin da ke iya zama, aka sa Iya a tsakiya.

Da muka dawo daga maƙabarta mutane suka taso su yi wa Baba gaisuwa. Ya ce su dakata. Ya nemi izini ya shiga, ni ina bayansa, ya tsaya nesa kaɗan da tabarmar mata, ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwar. Shi da ake zuwa a yi wa ta'aziyya, shi ya fara yi.

"Iya, ya haƙuri?"

Ta juyo da kunne. "Wa na?"

"Ƙanenta na."

"Kai na mai cinya?"

"Ni na."

"Ta ce ba ka iya hiɗa ba."

"Ta yi gaskiya."

Iya ta ce haƙuri ya zama dole, Allah Ya ba mu shi baki ɗaya. A gefenta akwai kwanon abincin rana a rufe, ba a taɓa ba, ma'aikaciyar ta ce tun safe haka. Baba ya dubi kwanon. Ya ce wa mahaifiyata ta samo wani kwanon ta zuba wani abu ta zauna a gaban Iya. Ta zauna, ta matsa nata har ya yi ƙara. Iya ta ce ba ta jin yunwa.

"A ci tukuna," in ji Baba.

Iya ta lalubi murfin ta buɗe, ta ci loma kaɗan, ta ce miyar ba gishiri. Aka kaɗa ƙararrawa, muka fito.

Allah Ya gafarta wa Gwaggo, Ya haskaka kabarinta, Ya sa abin da ta ciyar ya tarbe ta.

An yi kwana uku ana zama a jikin katangar. A makon da ya biyo aka wanke gadonta aka ba wata tsohuwa da aka kawo daga asibiti. Shugabar ta bar ɗan teburin a inda yake, ta kuma sake aika roƙo ma'aikatar da ke kula da gidan a bar baƙo ɗaya ya kai lokacin abinci. Ba a amsa ba tukuna. Ma'aikatan sun ce Iya tana cin kamar rabin kwanonta. Baba yana zuwa kowace Juma'a bayan La'asar da goro a aljihu, ya zauna a benci su yi hira. Idan an kaɗa ƙararrawa yakan tashi ya fita tare da sauran baƙi, sannan a kawo abinci.